Littafin Sunayen Marasa Lafiya: Daga Asibitin Zana Zuwa Jenowa

Daga Bata, mahaɗar da tsohon kantin takalma ya bar wa sunansa, tafiya kaɗan ce zuwa titin Faransa, inda asibitin cututtuka masu yaɗuwa yake, wanda mu mutanen Fagge muke kira Asibitin Zana. Ni a ɗakin kati na yi aikina, a wani asibitin daban, har na yi ritaya. Shi ya sa in ana tarihin asibiti, takarda nake fara tambaya: wa aka rubuta, wa ya rubuta, kuma ina littafin ya kwana?

A bazarar 1996 sanƙarau ya afka wa Arewa, ya kashe mutane wajen 12,000. Asibitin Zana ya cika maƙil, ana kwantar da yara har a ƙasa. Cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a kan yara 200: rabi aka ba su shi, rabi aka ba su maganin da aka saba. Yara 11 suka rasu, biyar daga rukunin Trovan, shida daga ɗaya rukunin. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, kuma an nemi iznin iyaye da baki. Iyaye da yawa suka ce ba su san gwaji ake yi ba. A Disambar 2000 jaridar Washington Post ta tono maganar, aka shiga kotu a nan da Amurka, har a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne abin da ya biyo bayan sulhun. Da aka zo biyan diyya, mutane fiye da 500 suka fito, alhali yara 200 aka yi wa gwajin. Sai da aka koma ga gwajin ƙwayoyin halitta don a tantance ɗan wane da ɗan wane, kuma sai a Agustan 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu. Shekara 15 ke nan! Da kowace uwa ta fita daga asibitin da takardar da ke ɗauke da sunan ɗanta, da sunan maganin, da sa hannun likita, da ba a wahalar da bayin Allah haka ba. Kuma da Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 zuwa 2004, zancen Trovan na cikin abin da ake ta maimaitawa a majalisu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Tara sunayen masu cuta ɗaya a kundi ɗaya ba baƙon abu ba ne a Najeriya, don tun 1960 Ibadan take da rajistar masu ciwon daji. A kan sikila kuwa, wadda ake ƙiyasin ana haifar jarirai wajen 150,000 da ita duk shekara a ƙasar nan, shirin SPARCO ya fara a 2017, yana haɗa bayanan Najeriya da Gana da Tanzaniya. A Kano, likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da na Asibitin Murtala, tare da na Barau Dikko a Kaduna da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun bi yara 220 masu sikila da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ko ɗan ƙaramin awo na maganin haidroksiyuriya yana kare su. Gari ɗaya ne da na gwajin Trovan, baƙin ma daga Amurka, amma wannan karon likitocinmu ne riƙe da alƙalami.

Akwai kuma cututtukan da asibiti ɗaya ba zai taɓa tara masu su da yawa ba. A 1999 aka raɗa wa wani rukuninsu suna: waɗanda garkuwar jiki ke tayar da kumburi da zazzaɓi da kanta, ba ƙwayar cuta, ba cizon sauro. Fitacciya a cikinsu ita ce zazzaɓin gado na yankin Bahar Rum, wanda ya fi kama Turkawa da Armeniyawa da Yahudawa da Larabawa. Yaro ya yi kwana ɗaya zuwa uku da zazzaɓi da ciwon ciki ko na gaɓoɓi, ya warware sarai, bayan makonni abin ya dawo, a hankali yana iya cin ƙoda. Tun 1972 aka gano ƙwayar kolcisin mai arha tana hana shi tashi, a 1997 kuma aka gano ƙwayar halittar da ke jawo shi. Don irin waɗannan aka buɗe rajistar Eurofever a asibitin yara na Gaslini da ke Jenowa a Italiya. Rahotonta na 2012 ya ƙunshi mutum 1,880 daga cibiyoyi 67 a ƙasashe 31.

A nan kuwa, yaron da zazzaɓi ke dawo masa, maleriya za a ce, in ta ƙi a ce taifot, in ta ƙi a ce shawara. Uba ya biya kemis a Sabon Gari, mako mai zuwa ya tafi wani asibitin a yanka masa sabon kati, kowane likita zuwa ɗaya yake gani. Sau da yawa maleriyar ce da gaske. Amma 'yan ƙalilan ɗin da ke da irin wannan zazzaɓin gado, ba mai gane su sai wanda ya ga zuwa goma a jere a fayil ɗaya.

Don haka ni ina goyon bayan sunayen 'ya'yanmu su shiga irin waɗannan kundaye na duniya, bisa sharuɗɗan da 1996 ta koya mana: a karanta wa iyaye takardar izni da Hausa, a boko ko a ajami, su tafi gida da kwafinsu, a ɓoye sunan yaro da lamba kafin bayanin ya fita waje, asalin littafin kuma ya zauna a Kano.