Wa Zai Biya Babban Gyara? Nazarin Haɗin Gwiwar Samar da Ruwa da Tsafta a Ƙananan Garuruwan Arewacin Nijeriya

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi manufofi da shirye-shiryen haɗin gwiwa da aka gina samar da ruwan ƙananan garuruwa a kansu daga shekarar 2000 zuwa yau. Hujjarta ita ce an tsara rabon kuɗin gini dalla-dalla, amma an bar kuɗin babban gyara da sha'anin gurɓataccen ruwa ba tare da takamaiman mai ɗauka ba.

1.0 Gabatarwa

Manufar Ƙasa kan Ruwa da Tsafta ta shekarar 2000 ta kira garin da ke da mutum 5,000 zuwa 20,000 da ƙaramin gari. Irin wannan gari ya fi ƙarfin famfon tuƙa-tuƙa ɗaya ko biyu da ke wadatar ƙauye, kuma bai tara masu biyan kuɗin da za su ja hankalin hukumar ruwan birni ba. Abin da yake buƙata shi ne rijiyoyin burtsatse masu inji, da tanki a sama, da bututun da zai ratsa unguwanni. Waɗannan kaya ne masu tsada, masu neman ƙwararren hannu. Inda babu su, 'yan ga-ruwa ke cike gurbin, kuma talakan da ke sayen jarka yakan biya fiye da mai famfo a gida a kan kowace lita.

2.0 Yadda aka raba nauyin

Manufar 2000 ta raba kuɗin gini a ƙananan garuruwa kamar haka: gwamnatin tarayya kashi 50 cikin 100, jiha 30, ƙaramar hukuma 15, al'umma 5. Kuɗin gudanarwa da gyara kuwa an ɗora shi kacokan a kan al'umma, ta hannun ƙungiyar masu amfani da ruwa da za ta tara kuɗi ta kuma kula da kayan. An gwada wannan tsari da tallafin Bankin Duniya a jihohin Katsina da Neja da Ebonyi. Daga baya Tarayyar Turai ta tallafa wa gyaran fannin a jihohi shida, ciki har da Kano da Jigawa da Yobe, kuma Jigawa ta kafa hukuma ta musamman ta ƙananan garuruwa, wato STOWA. A 2016 aka ƙaddamar da shirin haɗin gwiwa na faɗaɗa samar da ruwa da tsafta, wato PEWASH, a Nuwamban 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin, sannan a 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin SURWASH a jihohi bakwai, waɗanda suka haɗa da Katsina da Kaduna da Gombe da Filato.

SURWASH ya zo da sauyi mai ma'ana: mafi yawan kuɗinsa ana sakin su ne bayan an tantance sakamako. Jiha ce ke fara kashe nata, a zo a ga ruwa na zuba, kana a biya ta. Wannan ya fi tsarin da ke ƙirga rijiyoyin da aka haƙa, ko da yake yana takura jihar da aljihunta bai da nauyi tun farko.

3.0 Kuɗin da ba shi da uba

Kuɗin tafiyar da ruwa iri uku ne. Akwai na gini, wanda abokan haɗin gwiwa ke rububin biya domin ana ganinsa, ana kuma yanke masa kirtani. Akwai na yau da kullum, wato man inji da albashin mai kula da famfo da toshe ƙananan yoyo, wanda ƙungiya mai riƙon amana kan iya fitarwa daga kuɗin jarka. Na ukun shi ne babban gyara: injin da ke can ƙasan rijiya ya ƙone, tanki ya tsage, ko rijiyar ta ƙafe a sake haƙa wata. Wannan ba ya zuwa kowane wata, amma idan ya zo yakan haɗiye abin da gari ya yi shekaru yana tarawa. A takarda nauyin al'umma ne. A aikace kuwa ƙungiya takan rubuta wa ƙaramar hukuma, ita ta tura jiha, jiha ta jira sabon shiri, mata da yara su koma rafi ko tsohuwar rijiya.

Abubuwa biyu sun ƙara tsananta lamarin. Na farko yanayin ƙasa. Yawancin Katsina da Kano da Kaduna suna kan dutse ne, inda ruwa ke maƙale a tsage-tsage, rijiya ba ta bayar da yawa, sau da yawa kuma takan ja baya a bazara. Gabashin Jigawa da sassan Yobe da Borno suna kan kwarin Chadi mai yashi da wadatar ruwan ƙasa. Ɗora wa waɗannan garuruwa ƙa'ida guda na nufin wanda ƙasarsa ta fi tsauri shi zai fi biya. Na biyu faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023, alhali injuna da kayan gyaransu daga waje ake shigo da su. Komawa ga sola ta rage kuɗin mai, wannan gaskiya ne, amma ta mayar da kusan duk haɗarin kan wannan kashi na uku: ba a sayen gas kullum, sai dai ranar da na'urar sarrafa wuta ta mutu kuɗin a dunƙule ake nemansa.

Jamhuriyar Nijar ta bi wata hanyar da ta cancanci nazari. Ƙarƙashin dokar ruwa ta 2010, ƙaramar hukuma ce mamallakiyar kayan, tana kuma damƙa gudanarwa ga ɗan kasuwa ta kwangila, wanda kan riƙe garuruwa da dama a lokaci guda. Daga kuɗin ruwan da aka sayar ana ware wani kaso a asusun sabuntawa da faɗaɗawa. Tsarin na da nasa matsaloli, musamman wajen tabbatar da an zuba kuɗin kuma ba a karkatar da su ba, amma ya ba babban gyara suna da asusu. A ganin wannan maƙala, darasin shi ne haɗa garuruwa goma ko fiye a asusu ɗaya, tamkar adashi: injunansu ba za su ƙone a wata guda ba, don haka abin da ya gagari gari ɗaya ba zai gagari taron ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, idan aka aiwatar da shi, zai ba su damar zuba nasu kason a irin wannan asusu kai tsaye.

4.0 Gurɓataccen ruwa

Nan ne haɗin gwiwar ya fi rauni. Duk ruwan da bututu ya shigar gari sai ya fita, ta kwata zuwa lambatu ko kududdufi. Ƙananan garuruwanmu ba su da bututun kwashe ƙazanta, kuma gina musu matata irin ta Wupa da ke Abuja ya fi ƙarfinsu. Masai suke da shi. A Oktoban 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta daina bahaya a fili, kuma nasara ce ta gaske. Sai dai kowane masai da aka gina zai cika, kuma masu kwasarsa na aiki da shebur da bokiti, galibi ba safar hannu, ba kuma wurin zubarwa da hukuma ta keɓe. Annobar amai da gudawa ta 2021, wadda ake zargin ta kama mutum sama da 100,000 ta kuma kashe fiye da 3,000, ta fi yin ɓarna a jihohi irin su Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara.

Abin da ƙaramin gari ke buƙata bai fi ƙarfin abokan haɗin gwiwa ba: fili a bayan gari nesa da rijiyoyi, wuraren shanya ƙazanta har ta bushe ta zama taki, da rajista da kayan kariya ga masu kwasa. Ƙaramar hukuma da masarauta su ba da filin, jiha ta gina, a kuma ware ɗan kaso daga kuɗin ruwan sha don tafiyar da wurin, a rubuta hakan a cikin yarjejeniyar tun kafin a fara haƙa rijiya.