Ɓarawon da Ya Yi wa Mai Gida Shara: Tarihin Katin Hari a Wasan Dominion

A watan Oktoba na 2008, a baje kolin wasanni na birnin Essen da ke Jamus, kamfanin Rio Grande Games na Amurka ya fito da wani sabon wasan karta mai suna Dominion, wanda Donald X. Vaccarino ya ƙirƙira. Shekara ɗaya bayan haka wasan ya lashe Spiel des Jahres, babbar lambar yabo ta wasannin tebur a Jamus. A cikin katunan da ke kwalin farko akwai wani mai suna Thief, wato Ɓarawo, wanda sabbin 'yan wasa suka fi tsoro fiye da kowane. Shekara takwas bayan fitowar wasan, wanda ya ƙirƙire shi ya cire katin da hannunsa. Dalilin cire shi ne ya fi bayyana abin da masu wasan suka koya game da kai hari a tsawon waɗannan shekaru.

Kafin Dominion, wasan da ya mamaye wannan fage shi ne Magic: The Gathering, wanda Richard Garfield ya ƙirƙira, aka fara sayar da shi a 1993. A can, kowane ɗan wasa yana haɗa damin katinsa tun daga gida, ya zo da shi fagen wasa. Abin da Vaccarino ya yi shi ne ya mai da haɗa damin ya zama shi ne wasan kansa. Kowa yana farawa da kati goma iri ɗaya: Tagulla bakwai, wadda ita ce kuɗi mafi ƙarancin daraja, da Gandu uku, kowanne da maki ɗaya. A kowane zagaye ɗan wasa yana riƙe da kati biyar, yana da damar buga katin aiki ɗaya da sayen kati ɗaya daga kasuwar da ke tsakiyar tebur. Duk abin da ya saya yana shiga damin nasa, a cakuɗa, ya dawo hannunsa nan gaba. Babban abin nema shi ne Lardi, mai farashin takwas da maki shida. Wasa yana ƙarewa idan Lardunan sun ƙare, ko kuma idan tari uku na kasuwar sun ƙare.

Wanda ya saba da Whot ya san katin da ke tilasta wa na kusa da shi ɗibar kati biyu: ana jefa shi, zafinsa ya sauka nan take a kan mutum ɗaya. Vaccarino ya bi wata hanya daban. A Dominion, katin hari yana faɗa wa dukan abokan wasa a lokaci guda, babu zaɓen wanda za a cuta. Ya yi haka ne don ya toshe ƙofar siyasar tebur, inda mutum biyu kan haɗe kai su durƙusar da na uku. Da aka kawar da wannan, sai tambaya ɗaya ta rage ga mai sayen katin hari: shin abin da zai rage wa abokan wasa ya fi abin da shi kansa zai rasa?

Kwalin farko ya zo da katunan hari biyar, kuma Ɓarawo ne ya fi ɗaukar ido. Farashinsa huɗu. Idan aka buga shi, kowane abokin wasa zai buɗe kati biyu na saman daminsa. In akwai kuɗi a ciki, mai harin ya zaɓi ɗaya a fitar da shi daga damin, in ya so ya ɗauke wa kansa. A ido, babu abin da ya fi wannan ciwo, domin mutum yana kallo ana kwashe masa dukiya. Sai dai a farkon wasa, kati bakwai cikin goma na kowane dami Tagulla ce, saboda haka mafi yawan abin da Ɓarawo ke samu Tagulla ce. Ita kuwa Tagulla, ko da yake kuɗi ce, nauyi ce a kan dami. Hannu kati biyar ne kawai, kuma Tagulla biyar ba sa sayen Lardi. Duk gurbin da Tagulla ta cika, ta hana Zinariya mai darajar uku shiga. Shi ya sa ƙwararru ke sayen Chapel, wato Ɗakin Ibada, kati mai farashin biyu wanda aikinsa kawai shi ne watsar da kati har huɗu daga hannun mai shi. Abin da gwani ke biyan kuɗi ya yi wa kansa, shi ne Ɓarawo ke yi masa kyauta. Ga shi kuma katin ba ya ba mai shi ko sisi a zagayen da ya buga shi.

Wannan fahimta ta bazu sosai ne lokacin da wasan ya koma intanet. Wani masanin kwamfuta, Doug Zongker, ya buɗe dandalin Isotropic, inda aka riƙa buga Dominion kyauta har zuwa rufe shi a watan Maris na 2013. Dandalin yana ajiye bayanin kowane wasa, masu sha'awa kuma suka shiga tantance wane kati ne ke tare da nasara. Suka kafa ma'auni mai sauƙi: ɗan wasan da bai sayi komai ba sai Azurfa da Zinariya da Lardi yakan mallaki Lardi huɗu a kimanin zagaye 17. Duk wata dabara sai ta fi wannan sauri, ko ta jinkirta abokin wasa fiye da yadda ta jinkirta mai ita. Daga nan aka daina auna hari da ɓacin ran da yake jawowa, aka koma auna shi da yawan zagayen da yake cinye wa abokin karawa.

A wannan ma'auni, katin Witch, wato Mayya, shi ne ya yi zarra. Farashinsa biyar. Yana ba mai shi ƙarin kati biyu, sannan kowane abokin wasa ya karɓi katin Tsinuwa, wanda ke rage maki ɗaya. Makin da ake ragewa shi ne ƙaramin lahani. Babban lahanin shi ne Tsinuwa tana zama a cikin dami, tana dawowa hannu bayan kowace cakuɗa, ba ta sayen komai. Mayya tana zuba shara inda Ɓarawo ke kwashe ta. Daga nan ne dabarar amfani da ita ta fito, kuma ginshiƙinta lokaci ne. A wasan mutum biyu, Tsinuwa goma ce kacal. Wadda aka ba mutum a zagaye na uku za ta bi ta hannunsa sau da yawa kafin wasa ya ƙare. Wadda aka ba shi a ƙarshe maki ɗaya kawai za ta ci. Saboda haka wanda ya dace da Tagulla biyar a ɗaya daga hannayensa biyu na farko, abin da ke faruwa sau ɗaya cikin shida, yakan sayi Mayya ba tare da jinkiri ba. Idan kuma Tsinuwa ta ƙare, Mayya ta zama kati mai tsada da ke jawo kati biyu kurum, ga shi tarin da ya ƙare yana cikin ukun da ke rufe wasa. Mai Mayya da ba ya ƙidayar abin da ya rage zai iya tarar da wasa ya ƙare alhali yana baya.

Katin Militia, wato Dakaru, ya koyar da wani darasin. Farashinsa huɗu, yana ba da kuɗi biyu, yana kuma tilasta wa kowa ya rage hannunsa zuwa kati uku. Amfaninsa mafi girma shi ne hana abokin wasa kaiwa ga biyar ko shida a zagayen farko, lokacin da ake sayen katunan da ke ɗora dami a kan hanya. Amma wanda aka kai wa harin shi ne ke zaɓen abin da zai yar, don haka in yana riƙe da Gandu biyu, bai yi asarar komai ba. Haka nan harin ba ya ninkuwa: wanda aka riga aka mayar kati uku, Dakaru na biyu ba su da abin da za su karɓa. Tun da kuma aiki ɗaya ake bugawa a zagaye, mai tara katunan hari barkatai yakan same su biyu a hannu ɗaya, ɗaya ya tafi a banza.

Kāriya ma ta sha irin wannan bincike. Katin Moat, wato Ramin Ganuwa, yana kare mai shi daga kowane hari, amma sai yana hannu a daidai lokacin. Mai dami na kati ashirin da Ramin Ganuwa ɗaya zai same shi a hannu sau ɗaya ne cikin huɗu. Shi ya sa gwanaye suka fi son su mayar da martani da tasu Mayyar, domin kowace Tsinuwa da ta tafi wancan ɓangaren ta ragu daga goman da za ta iya zuwa wannan, ko kuma su nemi katin da zai watsar da ita bayan ta shigo.

A 2016 aka fitar da bugu na biyu na wasan, aka cire katuna shida, ciki har da Ɓarawo da Spy, wato Ɗan Leƙen Asiri. A madadin Ɓarawo aka kawo Bandit, Ɗan Fashi, mai farashin biyar. Rubutun da ke kansa amsa ce kai tsaye ga abin da 'yan wasa suka gano: yana ba mai shi Zinariya duk lokacin da aka buga shi, kuma yana lalata kuɗin abokin wasa, ban da Tagulla. A 2022 gyaran ya juya ta ɗaya gefen. Sabbin bugun ƙarin kwalaye biyu, Seaside da Prosperity, sun fito babu Ghost Ship da Sea Hag da Mountebank, waɗanda aka sani da tsananin ƙarfi. Mountebank, alal misali, yakan ɗora wa mutum Tsinuwa da Tagulla a bugu ɗaya, har dami ya cushe, wasa ya yi ta ja ba daɗi. Harin da ba ya cutarwa ya fita, wanda ke hana kowa wasa shi ma ya bi bayansa.

Dominion ya haifi zuriya mai yawa, daga Thunderstone a 2009 da Ascension a 2010 zuwa Slay the Spire na kwamfuta, inda abokan gaba ke cusa wa ɗan wasa katunan banza a dami, kamar yadda Mayya ke yi. A kwalin asali kuwa, Mayya da Dakaru suna nan da farashinsu da aikinsu na 2008. Kowannensu yana ba mai shi wani abu a zagayen da ya buga shi, yana kuma cinye wa abokin karawa lokaci, abubuwa biyun da Ɓarawo ya rasa.