DAGA RANAR HAIHUWA ZUWA TATATA: TARIHIN RENON JARIRI A ƘASAR GUMEL

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, saboda haka a wannan karo muka ga ya dace mu waiwayi wani ɓangare na tarihinmu da ba a faye rubuta shi ba, wato shekarar farko ta rayuwar yaro a garuruwanmu na Maigatari da Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar. Tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe yana da masu kiyaye shi. Shi kuwa wannan yana hannun kakanni mata da ungozomomi da wanzamai, kuma ga shi suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, alhali da yawa daga cikin 'ya'yanmu da ke Kano da Kaduna da Abuja da Legas an haife su a asibiti, ba su san ko ma'anar ƙauri ba.

Kafin haihuwa

A zamanin da muka tashi, shirin haihuwa yakan fara tun ciki yana wata biyar ko shida. Aikin farko na maigida shi ne tara itacen wanka. Duk gidan da aka ga an jibge guma-gumai a ƙofarsa, maƙwabta sun san abin da ake jira, amma ba wanda zai furta, domin kunya ta hana a yi zancen ciki a fili. Idan cikin fari ne, da ya kai wata bakwai sai iyayen yarinya su zo su tafi da ita goyon ciki, ta haihu a gaban mahaifiyarta, ta koyi reno a hannun waɗanda ba ta jin nauyinsu. Da yake iyakar da Turawa suka shata ba ta raba zumunci ba, sau da yawa matar da ke aure a Maigatari takan je goyon ciki a wani ƙauye na wajen Dungas ko Magarya a ƙasar Damagaram, ta dawo da ɗanta ba tare da kowa ya tambaye ta takarda ba.

Kwanaki bakwai na farko

Mace takan haihu a durƙushe a ɗakinta, kuma jarumtaka ita ce kada a ji muryarta. Sai yaro ya faɗo ake kiran ungozoma ta yanke cibiya, a da da ɓawon kara, daga baya da reza. Ita ce za ta binne mabiyiya a bayan ɗaki, ta wanke jariri, ta riƙa zuwa safe da yamma tana gasa masa cibiya. Uba ko kaka ko liman zai yi wa yaro kiran salla a kunne, a yi masa huɗuba da sunan da za a ɓoye har ranar suna.

Ita kuwa maijego tun daga ranar ta shiga wankan jego. A tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganye ana fyaɗa mata a jiki safe da maraice har kwana arba'in, wasu ma su zarce. Tsofaffi sun gaya mana cewa da ganyen runhu ko na tsamiya ake yi, kafin darbejiya ta yawaita a ƙasarmu. Bayan wanka ga kunun kanwa da gasasshen nama mai yaji, domin an yi imani cewa sanyi ne babban maƙiyin maijego. A kwana na uku ko na huɗu ake dafa ƙauri, wato ƙafafun sa da kayan yaji, a rarraba wa dangi da maƙwabta. A cikin waɗannan kwanaki ne kuma wanzamin gida yakan zo ya cire wa jariri beli.

Akwai wata al'ada da ya kamata mu ambata ko da ba ta yi mana daɗi ba. A gidaje da dama ba a ba jariri nonon farko, wato dakashi. Akan matse shi a zubar, a ce yana da dauɗa, a riƙa ɗura wa yaro ruwa ko nonon akuya ko rubutu har kwana biyu ko uku. A wasu gidajen har gwada nonon ake yi, a tatsa a ƙoƙo a jefa cinnaka a ciki. Idan ta mutu sai a ce nonon ba shi da kyau, a shiga ba uwar jiƙe-jiƙe.

Ranar suna

Rana ta bakwai da sassafe maza sukan taru a ƙofar gida. A raba goro, a yanka rago, liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da sunan yaro don mata su ji daga cikin gida. Wanda haihuwa ta zo masa kusa da ranar Alhamis ya ji daɗi, domin ranar ce kasuwar Maigatari take ci, kuma babu irin ragon da ba a samu a cikinta. Wanzami zai yi wa yaro askin suna, a da kuma har da tsagar gado, wadda da ita ake gane Bamange da Babarbare da Bahaushe. Tsaga dai ta kusa ɓacewa, kuma cikin ɗaliban da muka koyar a ƙarshen aikinmu da wuya a ga mai ita. Da rana mata su cika gida da kayan barka: sabulu da turmin atamfa da zanen goyo da majanyi.

Bayan sunan yanka akwai laƙabi, kuma a cikinsa ne tarihin gida yake ɓoye. Ɗanlami da Lami an haife su ran Alhamis. Tanko ya biyo bayan mata, Kande ta biyo bayan maza, Gambo ya biyo tagwaye, Audi bai tarar da mahaifinsa ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari saboda alkunya, wani lokaci ma kaka ce take riƙe shi bayan yaye. Amma akwai sunayen da suke da nauyi a zuciya: Ajuji, Ayashe, Abarshi, Barmani. Waɗannan 'ya'yan wabi ne, wato waɗanda uwarsu ta yi ta haihuwa suna komawa. Akan ɗauki jaririn a ajiye shi a kan juji kamar ba a so, sa'an nan a ɗauko, da fatan mutuwa za ta raina shi ta wuce. Lokacin da muke aikin koyarwa, da wuya mu buɗe rajistar aji ba mu ga irin wannan suna ba. Kowane ɗaya daga cikinsu shaida ce ta ƙananan kaburbura biyu ko uku da suka riga shi.

Daga arba'in zuwa tatata

Idan aka yi arba'in, maijego takan yi kitso da lalle, ta goya ɗanta ta fita yawon arba'in gidajen dangi, ana ba yaro tukuici. Daga nan gadon bayan uwa ya zama mazauninsa: da shi take daka, da shi take zuwa rijiya, da shi take kai abinci gona. Idan ta gaji yayarsa 'yar shekara bakwai ta karɓa. Babu jaririn da yake kwana shi kaɗai, babu kuma wanda zai yi kuka a rasa mai ɗaukarsa, domin ɗa na kowa ne.

Wajen wata huɗu zuwa biyar akan fara koya masa zama, a sa shi cikin babbar ƙwarya ko a haƙa ɗan gurbi a yashi a tokare shi da tsummoki. Sai haƙora, sai rarrafe, sai ya fara dafa bango yana miƙewa. Wajen cikar shekara yayyensa za su kama hannuwansa suna ce masa tatata, kafinta kuma ya ƙera masa keken katako mai ƙafa uku. Abincinsa bayan nono shi ne koko da kunu da fura, daga baya a fara lasa masa tuwo da miyar kuka. Yaye sai ya doshi shekara biyu, daidai da abin da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara, kuma macen da ta yi kwanika, wato ta ɗauki ciki tana goyo, takan sha gori. Wannan gori, ko da yake yana da ciwo, shi ne ya riƙa ba uwa hutu tsakanin haihuwa da haihuwa.

Abin da ya riƙa ɗauke mana yara

Kada daɗin labari ya sa mu manta cewa wannan shekara ita ce mafi hatsari a rayuwar mutum. A gidan da muka tashi, mahaifiyarmu ta haifi tara, mu huɗu muka girma, kuma ba a ɗauki wannan abin mamaki ba a unguwarmu. Wasu jariran sukan tafi tun kafin suna ko jim kaɗan bayansa, jiki ya sandare, baki ya ƙi kama nono. A ce iska ce ko mayu, alhali cutar sarƙe-haƙora ce da ta shiga ta cibiyar da aka yanke da abu marar tsabta. Da bazara ga ƙyanda da tarin shiƙa da sanƙarau, da damina ga zazzaɓin cizon sauro. Gudawa kuwa akan ce ta haƙori ce, a ƙyale yaro har maɗigarsa ta faɗa, a shafa mata magani, ba a san ruwan jikinsa ne ya ƙare ba. A shekarun fari na 1973 da 1984, da hatsi ya yi wuya, nonon uwaye ya ragu, tamowa ta yi mana ɓarna mai yawa.

Sauyi ya zo a hankali. Muna yara aka yi babban gangamin lambar agana a ƙarshen shekarun 1960, ma'aikata suna bi gari-gari da bindigar allura, kuma tabon yana nan a damatsanmu. Daga 1970 ba a sake samun agana a Nijeriya ba, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ita daga duniya. A 1984 aka sake ƙaddamar da shirin rigakafin yara na ƙasa, aka kuma shiga koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari. Mun ga kuma abin da jita-jita take haifarwa: a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa, Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, kuma a wannan tsakani cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Ilimin zamani ya kuma auna al'adunmu. A shekarun 1970, likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun lura da yawan masu jego da ke zuwa da kumburi da ciwon zuciya, suka danganta abin da yawan shan kanwa da tsananin zafin da ake gasa jiki da shi. An gano cewa dakashin da muke zubarwa shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa jariri. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da nono zalla har wata shida, ba tare da ko ruwa ba. Cire beli kuma ba ya hana wata cuta, sai ma zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. A ɗaya ɓangaren, goyo a baya da doguwar shayarwa da hutun arba'in da tazarar haihuwa duk likitoci sun yaba da su. Ashe kakanninmu sun yi daidai a wuri da yawa, inda suka kuskure kuma rashin sani ne, ba rashin ƙauna ba.

Duk da haka aiki bai ƙare ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 67 ba su kai shekara ɗaya ba, 132 kuma ba su kai shekara biyar ba. A shekarar 2018 ɗin, Jihar Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani, kuma a lokacin kusan biyu cikin uku na yaranta ƙanana sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Wannan a ƙasar da take noma riɗi da wake da gyaɗa, take kuma da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma.

Kira ga 'yan uwa mazauna birane

'Yan uwa, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kuna aiko da ragon suna da atamfa, Allah ya saka da alheri. Muna roƙon ku ƙara da tambaya. Idan aka yi haihuwa a gidanku, ku tambaya ko matar ta je awo, ko an ba jariri dakashi, ko an yi masa allurar ranar haihuwa da ta mako 6 da 10 da 14 da ta wata 9. Maganarku tana da nauyi a wurin iyaye da kakanni fiye da ta ma'aikacin da ba su sani ba. Ku sa a karɓar wa yaro takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Mu da muka yi shekaru muna sa yara su ɗora hannu bisa kai su taɓo kunne don mu ƙiyasta shekarunsu mun san wahalar rashinta. Ita kuma ƙungiya, muna ba ta shawara ta tanadi asusun ɗaukar mai naƙuda daga ƙauye zuwa asibiti, ta kuma ja ungozomomi da wanzamai a jiki, a ilimantar da su cikin girmamawa, domin har gobe su ake fara kira a gidaje da yawa. A ƙarshe, duk wanda kakarsa take raye, idan ya zo hutun salla ya zauna da ita ya ɗauki labarinta a wayarsa kafin a rasa.

Fatanmu shi ne jikokinmu su ji sunan Ajuji su tambayi ma'anarsa, saboda ba su taɓa ganin dalilin sa shi ba. Allah ya raya mana zuriya bisa tafarkin addini, ya jiƙan waɗanda suka rene mu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.