Yadda ake shirya gine-ginen kasuwanci kafin hunturu a ƙasashen sanyi

A Turai da Arewacin Amurka, sanyi yakan sauka ƙasa da sifiri tsakanin Disamba da Fabrairu. Mai shago ko ofis ko otal da bai shirya gininsa tun Satumba ko Oktoba ba, yana iya wayar gari ya tarar bututun ruwa sun fashe, kaya sun jiƙe, ko ma'aikata sun shaƙi guba. 'Yan'uwanmu da dama suna karatu ko kasuwanci a can, wasu ma su ne ke kula da masallatai da makarantu. Saboda haka muka kawo bayanin yadda ake wannan shiri, kuma mafi yawan misalanmu daga Faransa suke.

Yadda ake ɗumama ginin

Galibin manyan gine-gine suna da tukunyar ɗumama ruwa, wadda ke aiki da iskar gas ko mai ko lantarki. Injin tura ruwa yana aika ruwan zafin cikin bututu zuwa lagireton da ke jikin bangon kowane ɗaki, irin aikin da lagireton mota ke yi na fitar da zafi. Idan ruwan ya huce sai ya koma tukunya a sake ɗumama shi. Tukunyar kan yi watanni a kashe lokacin zafi, don haka ba a jira sai sanyi ya kankama kafin a gwada ta, domin a lokacin masu gyara ba su samuwa da wuri.

Abubuwan da ake dubawa

Tun 2009 dokar Faransa ta wajabta duba duk tukunya mai ƙarfin kilowat 4 zuwa 400 sau ɗaya a shekara. Ƙwararren ma'aikaci ne ke yin aikin: ya wanke wurin da wuta ke ci, ya daidaita shigar iska da mai, ya auna gubar da ke fita. Sannan ya ba da takardar shaida, wadda ake ajiyewa aƙalla shekara 2. Haka kuma ana share bututun hayaƙi, domin baƙin hayaƙi ko sheƙar tsuntsu na iya toshe shi.

Bayan tukunya, ana fitar da iskar da ta maƙale cikin lagireto, domin ita ce ke sa samansa ya yi sanyi alhali ƙasansa na da zafi. Ana toshe kafofin ƙofa da taga, a kwashe ganyen da ya cika indararo don ruwa ya sami hanya, a duba rufi, a kuma tanadi gishiri da shebur don dusar ƙanƙarar bakin ƙofa.

Haɗari na farko: daskarewar ruwa

Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma matsin da hakan ke haifarwa shi ke tsaga bututu. Sau da yawa ba a gane ɓarnar sai ƙanƙarar ta narke, ruwa ya malala. Maganinsa shi ne a naɗe bututun da ke waje ko ƙarƙashin rufi da abin tare sanyi, a rufe famfunan waje a tsiyaye ruwansu, kowane ma'aikaci kuma ya san inda babban makullin ruwa yake. Wuraren alwala na masallatai suna cikin wannan hukunci, musamman waɗanda ke jingine da bangon waje.

Ba a kashe ɗumama gaba ɗaya ko da an tafi hutu. Ƙa'idar Faransa ita ce digiri 19 a ofisoshi da wuraren jama'a lokacin aiki, digiri 16 idan ginin zai zauna ba kowa na awa 24 zuwa 48, da digiri 8 idan ya wuce haka. Wannan ɗan ɗumin ya isa ya hana bututu daskarewa, ba tare da an yi almubazzarancin makamashi ba.

Haɗari na biyu: gubar da ba a gani

Duk wutar da ke ci ba tare da isasshiyar iska ba tana fitar da gubar kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke bukata. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, kuma idan mutane da yawa suka ji haka a wuri ɗaya lokaci ɗaya, to ita ake fara zargi. A buɗe ƙofofi da tagogi, a kashe na'urar, kowa ya fita, a kira masu agaji. Kada a toshe kafofin shan iska da sunan hana sanyi, kuma a sanya na'urar da ke ƙara idan ta ji gubar.

A Fabrairun 2021 tsananin sanyi ya afka wa jihar Tekzas ta Amurka, inda ba a saba da irinsa ba. Miliyoyin gidaje da wuraren sana'a suka rasa lantarki, bututu suka fashe, hukumar lafiya ta jihar ta ƙidaya mutum 246 da suka rasu. Wasunsu guba ce ta kashe su, bayan sun kunna janareta ko gawayi ko mota a rufaffen wuri don neman ɗumi.

Abin da ya shafe mu

A ƙasashenmu ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da hunturu, kuma mun san al'adar shiga ɗaki da kaskon gawayi a rufe ƙofa. Gubar ɗaya ce, ko a shago ko a ɗakin almajirai. Mu fitar da kasko kafin barci, mu bar janareta a waje nesa da taga, mu kuma sanar da maƙwabta. Allah Ya kiyaye mu baki ɗaya.