Fatawar Istanbul ta 1727 da Sharaɗin Gyara Kafin Ɗab'i

An daɗe ana cewa malaman Musulunci ne suka tare wa injin ɗab'i hanya a Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Abin da ya faru a Istanbul a shekarar 1727 (1139 bayan Hijira) ya nuna lamarin ya fi haka zurfi.

Ɗab'i ba baƙo ba ne a birnin. Yahudawa sun kafa maɗaba'a tun wajen 1493, Armeniyawa a 1567, Girkawa kuma a 1627. Abin da ya jinkirta shi ne buga littafi da haruffan Larabci domin Musulmi. Ilimi a lokacin yana tafiya ne ta hannun masu kwafar littattafai, da karatu a gaban malami, da ijaza. Wannan silsila ce take tsare nassi daga kuskure. Mai kwafa idan ya yi tuntuɓen alƙalami, kwafi ɗaya ya ɓata; inji kuwa zai maimaita kuskuren sau ɗaruruwa. Tsoron ba na banza ba ne, domin Alƙur'anin da aka buga a birnin Benis na Italiya a wajen 1537 ya fito da kurakurai masu yawa.

Ibrahim Muteferrika, ɗan asalin Turansilbaniya da ya musulunta, shi ya ɗauki nauyin wannan al'amari tare da Sa'id Efendi, wanda ya ga aikin maɗaba'u a Faransa lokacin da ya raka mahaifinsa jakadanci. A 1726 Muteferrika ya rubuta wata risala yana bayyana amfanin ɗab'i: sauƙin farashin littafi, da ceto ayyukan magabata daga salwanta. Aka miƙa mas'alar ga Shaihul Islam Abdullahi Efendi, ya ba da fatawar halacci. Bisa wannan fatawa Sarki Ahmad na Uku ya fitar da umarnin izini.

Izinin ya zo da sharuɗɗa biyu. Na farko, an keɓe tafsiri da hadisi da fiƙihu da ilmul kalam, aka bar ƙamus da tarihi da manɗiƙi da ilimin taurari da makamantansu. Na biyu, an naɗa malamai huɗu su duba nassi su gyara kafin a buga. A 1729 littafin farko ya fito, wato ƙamusun Wankulu, fassarar Sihah na Jauhari zuwa Turkanci, ɗauke da fatawar da umarnin sarki a shafukansa na farko. Zuwa 1742 maɗaba'ar ta buga littattafai 17.

Sharaɗin farko bai dawwama ba: a farkon ƙarni na 19 an fara buga littattafan addini a Istanbul. Sa idon hukuma kuwa ya ci gaba, amma ya sauya fuska. Dokar maɗaba'u ta 1857 da dokar jaridu ta 1864 sun ɗaura aikin a kan lasisi, hankalin masu dubawa ya karkata ga abin da zai taɓa mulki, musamman a zamanin Sarki Abdulhamid na Biyu.

A nan ne bambancin yake ga mai nazarin fiƙihun yaɗa labarai. Mai gyaran 1727 yana tambaya ne ko nassin ya inganta, bisa ƙa'idar tabbatarwa da Suratul Hujurat ta kafa. Mai tacewar ƙarshen ƙarni na 19 yana tambaya ne ko maganar za ta yi wa fada daɗi. Dukansu biyu da izinin sarki suka yi aiki, amma na farko ne kaɗai yake kare haƙƙin mai karatu.