Gadon Ladi Kwali: Yadda Ginin Tukwane Ya Sauya a Suleja

Mu da muka koyi ginin tukwane a ƙasar Suleja gado biyu muka ci: na iyaye mata Gwarawa da kuma na tanderu.

Na farkon ya girmi kowa. Mace za ta haƙo yumɓu, ta jiƙa shi, ta tsince tsakuwa, ta kwaɓa har ya yi laushi. Sai ta kafa curi guda, ta rarake cikinsa, ta riƙa murza yumɓu kamar igiya tana ɗorawa, tana zagaya tukunyar da ƙafa har randa ta tashi. Idan tukwane sun bushe, a jera su a fili, a lulluɓe da kirare da ciyawa, a cinna wuta. Suna fitowa da zafinsu a yayyafa musu ruwan makuba, su yi duhu, jikinsu ya ƙara riƙo.

A 1951 gwamnatin mulkin mallaka ta sa wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya kafa cibiyar koyarwa a Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yau. Wurin na da yumɓu da itace da ruwa, ga kuma goyon bayan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. A fadarsa ne Cardew ya ga tukwanen Ladi, 'yar garin Kwali, wadda ta koyi sana'ar a hannun 'yar'uwar iyayenta. A 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Daga baya Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa suka biyo sahunta.

Abu uku cibiyar ta kawo: faifan juyi da ake murzawa da ƙafa, da ruwan ƙyalli da ake haɗawa da tokar itace da garin dutse, da tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200. A wannan zafi yumɓu yakan haɗe ya zama tamkar dutse, ruwa ba ya ratsa shi. Ladi ta ƙware a faifai, amma manyan tulunanta da hannu ta ci gaba da gina su. Takan zana ƙadangare da kifi da kunama da tsuntsu a jikinsu, a cike zanen da farar ƙasa, a shafa ƙyalli, sannan a gasa. Da su aka je baje koli a Landan a 1958, 1959 da 1962. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Sai dai duk magini ya san abin da tanderu ya rage. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne domin jikinta na tsattsafo, iska na busar da shi. Tulun da aka yi wa ƙyalli ya yi nauyi, ba ya sanyaya ruwa, sai ado. Tukunyar da aka gasa a fili tana jure harshen wutar murhu, ta tanderu kuwa tana iya tsagewa. Shi ya sa kayan cibiyar suka fi tafiya gidajen masu hali da ƙasashen waje, matan ƙauye kuma suka ci gaba da ciyar da kasuwa.

Cardew ya bar aiki a 1965, Michael O'Brien ya gaje shi, almajirai kuma suka buɗe wurarensu a Minna da Bwari. Daga baya roba da tukwanen alminiyum na zubi suka mamaye madafa, saboda sauƙin ɗauka da rashin fashewa.

Abin da nake roƙo shi ne makarantun fasaha su riƙa koyar da hanyoyin biyu tare, su kuma ɗauki tsofaffin magina mata a matsayin malamai, a biya su. Ilimin tanderu yana cikin littattafai, kowa na iya komawa gare shi. Na hannu kuwa a wurin waɗannan mata yake, kuma shekaru sun fara cim musu.