Daga Fadama zuwa Akwatin Gilashi: Tarihin Cimar Gargaza a Kudancin Sakkwato

Gargaza, wadda wasu ke kira karfasa, tana cikin kifayen da aka fi sani a ƙasar Sanyinna da Tambuwal da Kebbe, kuma 'yar wani babban dangi ce da masana ke kira sikilid, wanda aka ƙididdige masa nau'i fiye da 1,600 a Afirka da Amurka ta Kudu da ta Tsakiya da wani yanki na Asiya. Abubuwa biyu ne suka fi bambanta wannan dangi da sauran kifaye: na farko shi ne renon 'ya'ya, domin a wasu nau'o'in uwa kan riƙe ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe, na biyu kuwa wani muƙamuƙi ne a cikin maƙogwaro mai niƙa abin da baki ya kamo, wanda ya ba kowane nau'i damar ƙwarewa a kan irin tasa cimar. Tarihin ciyar da wannan kifi a kudancin Sakkwato tarihi ne na wani aiki da cikowar gulbi ta daɗe tana yi a kyauta, wanda sannu a hankali ya dawo wuyan ɗan Adam.

Wannan yanki yana tsakanin manyan ruwaye biyu, wato Gulbin Kabi, wanda ke ɗauke da ruwan Rima da na Sakkwato ya bi ta Argungu, da kuma Gulbin Zamfara da ke gangarowa ta wajen Gummi ya nufi Jega, ban da tafkuna irin na Romo a ƙasar Tambuwal. Idan damina ta yi nisa, musamman a watannin Agusta da Satumba, gulbi kan tumbatsa ya malale fadama, wato ƙasar kwari da ruwa ke kwanciya a kanta, sai kifi ya bar tsakiyar gulbi ya bi ruwan cikin ciyawa da gonakin shinkafa domin ya yi ƙwai ya kuma yi kiwo. A nan yake samun ruɓaɓɓen ganye da ƙwayar ciyawa da tsutsar sauro da tana da gara mai fiffike da ta faɗo ruwa, sannan kashin shanun da suka yi rani suna kiwo a fadamar yakan narke ya zama taki, ya haifar da ƙananan tsirrai da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani ɗai-ɗai, sai dai a ga ruwan ya koma kore. Kifin yakan tara kitse a 'yan watannin nan, kuma da shi yake cin rani bayan ruwa ya janye ya bar shi a gurbi da tafki.

Ko a cikin abin da masunci ke haɗawa ya kira gargaza akwai bambancin cima mai yawa. Wadda masana suka sa wa suna Oreochromis niloticus, wato gargazar Nilu, da 'yar uwarta Sarotherodon galilaeus, sun fi dogara ga tace koren ruwa da kalar laka mai ruɓaɓɓen tsiro, yayin da Coptodon zillii mai jan ciki ke yagar ganyen tsirran ruwa kamar yadda akuya ke yi wa ganye a tudu. Akwai kuma ƙananan sikilid na jinsin Hemichromis, waɗanda mafarauta ne masu cin ƙwari da 'ya'yan kifi. Mai gyaran kifi a bakin kasuwa ya san wannan bambanci da hannunsa, domin idan ya farke cikin gargaza yakan tarar da hanji siriri da ya nannaɗe kamar zare, wanda in aka warware shi ya ninka tsawon kifin sau da yawa, alhali hanjin kifi mai farauta irin su tsage gajere ne. Dogon hanji na mai cin tsiro ne, saboda tsiro ba ya narkewa da wuri.

A zamanin daular Kabi, wadda Muhammadu Kanta ya kafa a farkon ƙarni na 16, sana'ar su ta zama gadon Sarkawa, kuma ba ciyar da kifi ne aikinsu ba, tsare lokacinsa ne. Sarkin Ruwa shi ke da ikon rufe wani gurbi ko tafki, ya hana a jefa taru ko birgi a cikinsa har kifi ya gama ƙwai ya girma, sannan a yi fashin ruwa, wato bikin buɗe kamun kifi, jama'a su faɗa da homa da gora a rana ɗaya. Bayan jihadin da ya fara a 1804, Tambuwal ta zama ribaɗi, ma'ana garin tsaron iyaka, a hannun Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, yankin ya kasance bakin daga tsakanin Sakkwato da Kabawa shekaru masu yawa, amma al'adar ruwa ba ta san wannan iyaka ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yau daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, wannan tsohuwar doka ce ta rufe ruwa aka yi wa ado. Inda masunci ya fara ba kifi abinci da hannunsa shi ne wajen tarko, domin yakan dama dussar gero ko ta dawa da ruwan zafi, ya cura ta dunƙule-dunƙule ya sa a cikin gura idan gargaza yake nema, ya kuma soka tana ko ɗan kifi a ƙugiyar mamari idan tarwaɗa yake so.

Kiwon gargaza a kududdufin da aka haƙa da gangan tsohon abu ne a duniya, tun da zane-zanen kaburburan Masar ta dā suna nuna ta a irin wannan ruwa, amma a arewacin Nijeriya sai a 1951 gwamnatin mulkin mallaka ta fara gina gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato. Darasin da aka koya a can, da sauran wurare a Afirka, shi ne gargaza tana hayayyafa tun tana ƙarama, ta cika kududdufi da 'ya'ya, abinci ya gaza, a tashi da tarin kifi tsumburarru da ba su da daraja a kasuwa. Maganin da aka samo ya haɗa da ware maza zalla, da zuba 'yan tarwaɗa su rage 'ya'yan, da kuma watsa kashin kaji ko na shanu domin ruwan ya yi kore, sannan a ƙara da dussar shinkafa da tunkuza, wato abin da ya rage na gyaɗa bayan an matse mai. Idan aka duba da kyau, takin nan kwaikwayon fadama ne, domin abin da garken shanu ke bari a ƙasa kafin cikowa shi mai kiwo ke ɗebowa da kwando.

A daidai lokacin da wannan ilimi ke yaɗuwa ta hannun jami'an gona da masu bincike, musamman na cibiyar New Bussa da ta samo asali daga aikin nazarin tafkin Kainji a 1968, ita kanta cikowar ta fara ja da baya. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya ƙafar da tafkuna da dama, sannan aka kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Rima ta biyo baya a shekarun 1980. Masanin labarin ƙasa William Adams, wanda ya yi nazarin garuruwan da ke ƙasa da Bakolori, ya nuna cewa raguwar ambaliya ta rage noman shinkafa da kamun kifi a fadamar, har wasu masunta suka bar sana'ar ko suka yi ƙaura. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma kiwon tarwaɗa a tankin siminti da na tamfol ya bunƙasa a faɗin Nijeriya, aka shigo da abincin buhu mai iyo a saman ruwa irin na kamfanin Coppens na ƙasar Holan, kafin masana'antun cikin gida su shiga harkar. Kifin tanki ba shi da laka ko ciyawa da zai kalata, don haka duk abin da jikinsa ke bukata sai an haɗa masa, kuma kuɗin abinci kan cinye fiye da rabin jarin mai kiwo. Wannan tsada ce ta sa ƙananan masu kiwo ke cakuɗa garin waken suya da dussar masara da garin busasshen kifi da jinin kwata, su ƙara da gara da tsutsa da ganyen zogale, tare da lura cewa tarwaɗa na son sinadarin gina jiki wajen kashi 40 cikin 100, gargaza kuwa kimanin kashi 30 ya ishe ta.

Matakin ƙarshe na wannan tafiya shi ne akwatin gilashi da ake ajiye kifin ado a cikinsa, al'adar da ta yi ƙarfi a Ingila bayan gidan namun daji na Landan ya buɗe zauren kifi ga jama'a a 1853, ta kuma sauƙaƙa a shekarun 1950 lokacin da Ulrich Baensch na kamfanin Tetra a Jamus ya fito da busasshen abinci mai kama da ɓawo. Sikilid na cikin kifayen da aka fi so a wannan harka, kama daga masu launi na tafkunan Malawi da Tanganyika zuwa Pelvicachromis pulcher na kudancin Nijeriya da jajayen Hemichromis na kogunan Afirka ta Yamma. Masu ajiye su sun gano cewa cima iri ɗaya tana dusashe launi ta rage haihuwa, kuma kifin Malawi mai kankarar gansakuka a jikin dutse, wanda ake kira mbuna, yakan kamu da kumburin ciki idan aka cika masa nama, abin da mai farke gargaza a kasuwa zai iya faɗa tun daga tsawon hanji. Saboda haka suke sassaɓa abinci, yau busasshe, gobe tsutsa ko ƙananan jatan lande, jibi dafaffen ganye, suna ƙarawa da sifirulina, wani koren tsiron ruwa da matan Kanumbu na ƙasar Chadi suka daɗe suna tacewa daga tafkunan kanwa su shanya su yi miya da shi.

Hausawa na cewa kifin fadama ba ya gasa da na gulbi, amma a fagen cima na fadamar ne ya fi kowa wadata, domin duk wanda ya raba kifi da cikowa, ko a tankin tsakar gida a Sanyinna ko a gilashin falo a birnin Sakkwato, ya ɗauki alhakin haɗa masa da hannu abin da ruwan Agusta ke shimfiɗa masa a ciyawa. Kuma har yanzu, a duk shekarar da gulbi ya cika ya malale fadamun Kebbe, gargazar da ake kamawa bayan janyewar ruwa takan zo kasuwa da kitsenta ba tare da an saya mata ko mudun dussa ba.